Shafin Turaren Surukata

Tun da na auri 'yarta ban taɓa haɗa ido da surukata ba. Idan muka je Roni, matata takan shige ɗaki abinta, ni kuwa in tuɓe takalmi tun daga nesa, in durƙusa a ƙofa, in gaida labule. Daga bayansa muryar Hajiya za ta fito ƙasa-ƙasa, ta tambayi aiki, ta tambayi mutanen Kazaure, ta sa albarka, shi ke nan an sallame ni. Ba ta kiran sunana, ni ma ba na ɗaga kai. Abinci kuwa sai dai a kai mini zaure, don da in ci tuwo a inda za ta ji motsina gara in wuni da yunwa. Haka muka tashi muka tarar ana yi, kuma abin bai taɓa damuna ba. Har wani daɗi nake ji idan abokaina suna ba da labarin surukan zamani masu zama su kalli talabijin tare, in ce a raina mu dai da sauran kunyarmu.

Kakannin Hajiya daga gabas suka zo, Barebari ne, ni kuma Bafulatani. Da a ce wata ce ba ita ba, da na sha kiranta baiwata, ita ma ta rama, don tsakaninmu da Barebari wasa ne tun kaka da kakanni. Amma surukuta ta fi ƙarfin wasa. Abin da ta gada daga can shi ne haɗa turaren wuta da humra, kuma ta iya ƙwarai. Tun daga bakin layinsu za ka ji ƙamshin kajiji da sandal idan ta ɗora tukunya. Masu biki suna zuwa saye daga Kazaure da Gwiwa da 'Yankwashi, har daga tsallaken iyaka akan kira a tambaye ta farashi da sefa.

Tana da wata ƙawa a Babura, Bafulatana, sa'arta ce kuma sana'arsu ɗaya, kullum cikin tsokanar juna suke. Ita wannan ƙawar ce ta fara buɗe shafi a intanet, tana ɗora hotunan kwalabenta da kanta, ta kuma hana Hajiya sakat. Wai Barebari sun iya turare, amma waya ta fi ƙarfinsu, iyakarsu su yi ta ihu a cikinta. Maganar ta tsaya wa Hajiya a rai. Wata Juma'a muna hanyar komawa gida matata ta isar mini da saƙo. Hajiya ta ce tunda aikina na kwamfuta ne, in buɗe mata shafi, amma da sharaɗi. Ba ta son wanda za a riƙa yi mata. Wanda za ta iya da hannunta take so, ta ɗora, ta sauke, ba sai ta nemi kowa ba.

Na ce wannan ai ba wani abu ba ne. A ofis ni ake nema idan kwamfuta ta yi gardama, kuma na sha buɗe wa mutane shafi. Shi shafi ba gina shi ne wahala ba. Wahalar tana wajen zaɓen manhajar da mai shafin zai riƙa shiga yana zuba rubutu da hotuna, wato ƙofar baya wadda baƙi ba sa gani. Idan aka zaɓi wadda ta dace da mutum, ya huta har abada. Idan aka zaɓi wadda ta fi ƙarfinsa, shafin yana nan da sunansa, amma kullum yana bin wani da roƙo.

Manhajoji uku na ɗauko na jera. Ta farko ita ce babbar da kowa ke yabo, ba abin da ba ta yi, sai dai cikinta lungu-lungu ne, kowane lungu da nasa maɓallan. Ta biyu da yatsa ake jan hoto a ajiye shi inda ake so, ga kyau a ido, amma ga cin data, kuma da sabis ya yi rauni sai ta tsaya tana ta juyi. Ta uku kuwa 'yar ƙarama ce, ba ta da komai sai gurbin hoto, da gurbin rubutu, da ƙaton maɓalli guda a ƙasa.

Na san yadda ake zaɓe, don ni nake koya wa wasu. Ka bar mai shafin da wayarsa, ka zauna kusa da shi, ka ja bakinka ka yi shiru, ka kalli yatsunsa. Inda ya tsaya yana lalube, nan matsalar take. To, a faɗa mini yadda zan zauna kafaɗa da kafaɗa da Hajiya ina leƙen tafin hannunta. Ko a mafarki na ga haka sai na farka na yi a'uziyya. Don haka na gwada su ukun a kwamfutata, a ofis, inda sabis yake da ƙarfi, da hannun da ya shekara da shekaru yana wannan aiki, sai duk suka zo mini da sauƙi. Ta biyu na ture saboda data. Ta uku na daɗe ina kallonta, sai na ji nauyi. Na ce idan na kai wa Hajiya wannan, ƙawarta ta gani, za a ce surukinta ya raina mata hankali, ya ba ta abin wasan yara. Mace mai daraja irinta ai sai babba. Na zaɓi ta farko, a ganina girmamawa na yi.

Saura koyarwa. Na zaunar da matata na nuna mata komai daki-daki, don ita za ta kai karatun. Abin da na manta shi ne, matata 'yar fari ce. Ita ma Hajiya kunyarta take ji, ba sa doguwar hira, ko sunanta ba ta faɗa. Daga baya na ji yadda karatun ya kasance. Matata ta durƙusa nesa kaɗan, ta nuna a tata wayar, da sauri da sauri, tana cewa a sa hoto nan, a yi rubutu nan, sannan a danna shuɗin nan na sama. Hajiya kuwa tana kallon wani gefe tana cewa to, to. Da muka shiga mota na tambaya ko ta gane, sai matata ta ce ta ce Allah ya yi albarka. Na sake tambaya ko dai ta gane ɗin. Matata ta harare ni ta ce an sa maka albarka, me kuma kake nema.

Kwanaki suka wuce ban ga komai a shafin ba. Ran nan na shiga ta ƙofar baya da tawa kalmar sirrin, wadda na bar wa kaina don ko gyara zai taso. Sai na tarar ashe Hajiya ba ta zauna ba. Ga hotunan kwalabe nan jere, wasu a kwance, wasu da gefen yatsanta a ciki, ga rubutu a ƙasan kowanne, gajere mai daɗi, irin maganarta. Ta yi komai, amma duk suna ma'ajiya, babu wanda ya fita waje. Maɓallin ajiyewa take dannawa, ba na wallafawa ba.

Gyaran ba ya wuce jimla ɗaya. Sai dai jimlar ita ce, Hajiya ba ki yi daidai ba. Na juya ta ta kowace fuska don in sami yadda za ta fita daga bakina ta bi ta bakin 'yar fari ta isa kunnen suruka ba tare da ta zama gyara ba, ban samu ba. Na ce bari dai yau kawai in taimaka. Na dawo daga masallaci bayan la'asar, lokacin da ofis ya yi shiru, na miƙar da hotunan, na danna, duk suka fita. Da magariba matata ta ce Hajiya ta kira tana murna, wai abin ya fito, ashe jinkiri yake yi. Na ce ai haka ne. Ban faɗa wa matata komai ba.

Yau kawai ɗin nan ita ce ta ci damina ta shiga kaka. Kullum Hajiya ta ajiye da hantsi, ni kuma in saki bayan la'asar. Shafin ya yi kyau, masu saye suka ƙaru, musamman da bukukuwa suka kankama bayan an kai amfanin gona gida. Aka aiko mini da kwalbar turare ta musamman, wai tukwicin mai ginin shafi. Na riƙa jin labari cewa Hajiya tana faɗa wa duk wadda ta shigo cewa ita take yi da hannunta, ba wanda yake taɓa mata. Duk lokacin da na ji haka sai in lallashi kaina da cewa ai kusan duk aikin nata ne, dannawa ɗaya ce tawa. Turaren ma kasa sa shi na yi a kasko, don da na buɗe kwalbar sai in ji kamar ana kallona.

Asiri ya tonu a Gwiwa, wajen wani suna na dangi. Ba na wurin, taron mata ne, matata ce ta dawo da labarin idonta jajir. Ta ce an cika ɗaki, ƙawar Hajiya ta Babura ma ta zo, aka fara wasan da aka saba. Hajiya ta ce yau za ta kashe bakin Fulani. Ta ɗauko waya a gaban kowa, ta ɗauki hoton humrar da ta kawo wa mai jego, ta yi rubutu, ta danna, ta ajiye wayar a cinya. Mata suka duba wayoyinsu ba su ga komai ba. Hajiya ta yi murmushi irin na wanda ya san aikinsa, ta ce su kwantar da hankalinsu, shi shafi ba ya fitar da kaya sai bayan la'asar. Har ta ƙara musu bayani cewa duk abin da aka sa da rana taruwa yake yi a can, sai an sauko daga sallah a sake shi.

Ƙawar ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ita nata shafin ba ya jiran liman. Ta karɓi wayar, ta shiga lungunan da Hajiya ba ta taɓa shiga ba, ta iske wurin da ake nuna wanda ya taɓa kowane rubutu daga ƙarshe. Ta ɗaga murya ta karanta sunana, ta gangara ƙasa ta sake karantawa, ta sake, a gaban matar da ba ta taɓa furta sunan ba.

"Ashe dai Bafulatani ne yake yi miki a ɓoye," in ji ta. "Baiwa ai ba ta rabuwa da ubangidanta."

Wasa ne, kuma a wasa ba a fushi, don haka dole Hajiya ta yi dariya tare da su. Matata ta ce dariyar nan ita ce abin da ba za ta manta ba. Ta ce Hajiya ta karɓi wayarta ta sa a jaka, ba ta ci abincin sunan ba, ta ce kanta ke ciwo, ta nemi a mayar da ita Roni tun kafin a watse. Sannan matata ta tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce gaskiya ne. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce dai uwarta ba ta taɓa yin ƙarya a gaban mata ba, sai da na sa ta.

Kunyar da na ji a ranar ba irin wadda nake taƙama da ita ba ce. Waccan ado ce, wannan kuwa ta hana ni cin abinci. Garin neman gira na rasa ido. Na guje wa jimla ɗaya a bayan labule, na jawo mata dariyar ɗaki guda. Humrar mai jegon tana nan a ma'ajiya, la'asar ta yi ta wuce, na kasa sakinta, na kuma kasa goge ta.

Ranar Asabar aka ce Hajiya tana nemana, ni kaɗai. Na kama hanyar Roni da hantsi, ina tafe ina fatan taya ta yi faci. Na tuɓe takalmi, na durƙusa inda na saba, na yi sallama. Maimakon amsa ta fito daga ciki, sai na ga hannu ya kama labulen ya naɗe shi ya rataye a kan ƙofa. Ga Hajiya zaune a kan tabarma, ƙaramar mace ashe, da tabarau a kan hanci. Ta matsa gefe ta nuna mini wuri kusa da ita. Na ce a'a Hajiya, nan ma ya isa.

"Malam, taso ka zauna," ta ce. "Kunyar da za ta sa in yi ƙarya a bainar jama'a, na yafe ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Wani zai ɗauka ɗaukaka aka yi mini. Ni na san ba haka ba ne, don wanda ake jin nauyinsa ake sakar wa labule. Na rarrafa na zauna a bakin tabarmar. Na fara ba da haƙuri, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce ba wannan ya kawo ni ba, in duba in gaya mata inda take kuskure. Ta buɗe wayar ta fara yi kamar yadda ta saba, ni kuma a karo na farko na kalli yatsunta.

Ban yi minti ina kallo ba na ga matsalar. Saboda idonta, an ƙara mata girman rubutun wayar har ƙarshe. Da rubutun ya yi girma sai ya ture maɓallin wallafawa ya fita daga fuskar wayar gaba ɗaya, ya koma cikin wasu 'yan ɗige-ɗige a kusurwa. Shuɗin da ya rage a sama shi ne na ajiyewa. An ce mata ta danna shuɗi, ta danna shuɗi. Duk watannin nan babu kuskuren da ta yi ko ɗaya. Ga shi kuma babban yatsanta ya yi kanta saboda zafin tukunya, idan ta taɓa ƙaramin abu sai ta taɓa na kusa da shi. Na faɗa mata haka kaina a ƙasa. Sai ta tambaya ko ita ke nan manhajar a duniya.

Na ce akwai wasu biyu da na duba. Ta ce a kawo. Na buɗe mata ta biyu a wayarta, da sabis ɗin Roni, muka zauna muna kallonta tana juyi har Hajiya ta ce wannan kafin ta buɗe an gama biki. Na buɗe ta uku ina jin nauyi, ina shirin yin bayani cewa ta masu koyo ce. Ba ta jira bayanina ba. Ta ga gurbin hoto ta sa hoto, ta ga gurbin rubutu ta yi rubutu, ƙaton maɓallin yana nan daram a ƙasa duk girman rubutunta, ta ɗora yatsa a kai. Ta ce in duba a tawa wayar. Na duba, ga humrar nan ta fito, rana ko tsakiya ba ta kai ba.

Ta tambaye ni dalilin da ya sa ban ba ta wannan tun farko ba. Na ce na ga kamar ta yi mata ƙanƙanta. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce ita turare take sayarwa, ba jirgi take tuƙawa ba.

Muka wuni muna kwashe kayanta daga tsohon wuri zuwa sabo, ita take dannawa, ni ina faɗa. Ko sau ɗaya ba ta bari na riƙe wayar ba. Da azahar aka kawo abinci aka ajiye a gabanmu, ta ce bismillah, na ce na ƙoshi, ba ta matsa ba. Da muka gama ta danna saƙon murya zuwa ga ƙawarta ta Babura, ina zaune ina ji. Ta ce mata gaskiyarta ce, wancan shafin ba ita take sakin kayansa ba, kuma a gaya wa matan da suke wurin cewa ba da saninta ta faɗi abin da ba haka ba. Amma ta ce ƙawar ta duba shafin yanzu. Ba ta ambace ni ba, ba ta ɗora mini laifi ba, ta ɗauki abin ita kaɗai. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Na yunƙura zan yi sallama sai ta ce akwai saura. A sabon shafin ma na sa kaina a jerin masu iya shiga, bisa sabo, don ko wani abu zai lalace. Ta gani tun ɗazu ba ta yi magana ba. Ta nuna layin da yatsa ta ce, shi wannan mai shigowa ta baya, yaya ake fitar da shi. Na ce Hajiya, idan wani abu ya ɓaci fa. Ta ce in ya ɓaci za ta gani da idonta, ta san ya ɓaci.

Na nuna mata wurin. Ta danna. Wayar ta tambaye ta ko ta tabbata, na fassara mata tambayar da bakina. Ta ce ta tabbata, ta sake dannawa, layin ya ɓace.

"To, madalla," ta ce. "Ka gaida mutanen gida."